Yayan mijina ya ce kada in yarda a yi ma maigidana allurar zazzaɓi bayan CAR-T

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga Ƙofar Marusa nan cikin Katsina, yaranmu huɗu. Maigidana na fama da kansar jini irin mai kumbura kaluluwa, limfoma suke ce mata, an yi kemo ta lafa ta dawo, aka sake wani kemon ta ƙi ji. Yanzu wani asibiti a Mumbai sun karɓe shi za su yi mashi wani magani da ake haɗawa da ƙwayoyin jininsa, CAR-T suke ce mashi, har mun je an ɗebi ƙwayoyin jininsa mun dawo gida, ƙarshen wata za mu koma a saka mashi, ni ce zan zauna jinya. Sun ba mu takarda ƙanena ya fassara mani, wai bayan an saka zai iya yin wani zazzaɓi mai tsanani da suke kira CRS har a kai shi ICU, ɗakin waɗanda jikinsu ya yi tsanani, har ana iya rasa rai. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ga kuma Yaya Babba, yayan maigidan, shi ya sai da gonarsu ta gado aka haɗa kuɗin, ya ce wani ya gaya mashi zazzaɓin shi ne alamar magani na aiki, kuma allurar da suke yi don kashe zazzaɓin tana kashe ƙwayoyin da aka biya miliyoyi, don haka ko sun zo da maganar in ce a'a sai na kira shi. Hajiya kuma ba a gaya mata komai ba, ta dai ɗaure mani tazargade da sassaƙe da rubutu wai in riƙa ba shi a ɓoye. Anti ni ba na iya musu da Yaya, kuma ina tsoron in yi abin da za a ce ni na kashe masu ɗan'uwa. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah shi ba maigida lafiya shi sa kaffara ne. Bari in ba ki amsar tun kafin dogon bayani, don na san halin mai jinya ba lallai ki samu natsuwar karantawa har ƙarshe a zama ɗaya ba: duk sa'adda likitocin suka ce lokacin allurar nan ya yi, a yi ta nan take. Ba kiran Katsina, ba jiran wani ya ɗaga waya. Yaya Babba ba mugun nufi gare shi ba, wanda ya sai da gonar gado saboda ƙanensa ai ba a zarginsa da rashin so, amma rabin magana aka kawo mashi, kuma a ɗaya rabin da ba a gaya mashi ba ne ran mijinki yake.

Wancan zuwan da kuka yi aka jona shi da na'ura jini na fita yana dawowa, wasu fararen ƙwayoyin jini suka tace da ake kira ƙwayoyin T, su ne masu farautar cuta a jikin kowa. Ita kansa daga jikin mutum ta fito, shi ya sa sukan wuce ta ba su gane ta ba. A ɗakin gwaji sai a dasa masu abin da zai sa su gane wata alama da ke jikin ƙwayoyin limfomar, CD19 sunanta, a rene su su yi miliyoyi, sannan kafin a maido su a yi ma mara lafiya wani gajeren kemo, yawanci na kwana 3, don a share masu fili. Sakawar kanta ba abin kallo ba ce, 'yar leda ce ƙarama, kafin ki gama gaisawa da mutanen gida a waya an gama, har ki ce dama wannan ne aka sai da gona dominsa? Aikin daga baya yake farawa, don ƙwayoyin rayayyu ne, suna shiga suna hayayyafa, duk inda suka ci karo da kansar su far mata.

To yayin wannan faɗan suna fitar da wasu sinadarai na kiran ɗauki, saitokin, su kuma su tada wasu ƙwayoyin garkuwar jiki na daban waɗanda za su ƙara zubo nasu, musamman wani da ake kira IL-6. Kin san in aka yi ihun ɓarawo a Babbar Kasuwa, masu bin ɓarawon na gaskiya ba su da yawa, amma kowa ya taso a guje, a ture mai tumatir a tattake mai ƙwai, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya sha duka. Haka jikin ke yi. Zazzaɓi ya rufe mutum, jijiyoyin jini su saki har su fara yoyon ruwa cikin nama da huhu, BP ya faɗi, numfashi ya yi wuya, in abin ya yi nisa ƙoda da hanta su fara gazawa. Shi ne CRS ɗin da kika gani a takarda. Ita kuma allurar da Yaya ke tsoro, tocilizumab, za ki ji nas-nas na cewa tosi, ba ta taɓa masu bin ɓarawon, kunnen 'yan kasuwar take toshewa, wato wurin da IL-6 ke maƙalewa ya isar da saƙonsa take rufewa. Ƙwayoyin CAR-T na nan na aikinsu. An daɗe ana bibiyar wannan, ba a ga cewa waɗanda aka yi ma tosi maganin ya fi gazawa a jikinsu ba, shi ya sa ma yanzu ake yin ta da wuri fiye da shekarun farko.

Yadda aka gano ta ma labari ne da ya kamata Yaya shi ji. A 2012 a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka, wata yarinya Emily Whitehead mai shekara 6, kansar jini ta ƙi jin kowane magani, ita ce yarinya ta farko da aka gwada ma CAR-T. Kwanaki kaɗan zazzaɓi ya kayar da ita, BP ya faɗi, aka sa ta a na'urar numfashi, har an fara ba iyayenta haƙuri. Da aka auna jininta sai aka ga IL-6 ya yi tashin da ya wuce hankali. Shi kuma Carl June, masanin da ya jagoranci aikin a Jami'ar Fensilbaniya, ɗiyarsa na da ciwon gaɓɓai irin na yara, don haka ya san akwai maganin gaɓɓai da ke tare IL-6 ɗin nan, wato tocilizumab. Aka yi mata. Cikin sa'o'i zazzaɓin ya fara sauka, ta farka ranar da ta cika shekara 7, kansar ta tafi kuma an haura shekara 10 ba ta dawo ba. To da allurar na kashe ƙwayoyin, me ya cinye kansarta? A Agustan 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da CAR-T na farko, Kymriah, kuma a wannan ranar ta amince da tocilizumab a matsayin maganin CRS.

Inda maganar Yaya ta samo tushe ina jin wajen magani na biyu ne, dexamethasone, dexa ɗin nan dai da 'yan mata ke saye a kemis don su yi ƙiba (Allah shi shirya mana), amma can ta jijiya ake ba da shi kuma da awo. Shi kam gaskiya ne yana danne garkuwar jiki baki ɗaya har da ƙwayoyin T, kuma da farko likitoci na ɗari-ɗari da shi saboda haka. Da marasa lafiya suka yi yawa aka ga na 'yan kwanaki bai hana maganin cin kansar ba, sai aka saki jiki. Har yau ba sa ba da shi barkatai, sukan fara da tosi, in ba ta isa ba ko abin ya taɓa ƙwaƙwalwa su ƙara dexa, da an samu sauƙi su janye. Lissafin da Yaya ke yi su ma suna yinsa, kuma su ga mara lafiyar a gabansu ga sakamakon gwaji a hannu. In duka biyun ba su wadatar ba akwai wasu a baya irin su anakinra.

Batun wai zazzaɓin alamar aiki ne, e, yakan nuna ƙwayoyin sun farka. Amma tsananinsa ba shi ne awon warkewa ba. Akwai waɗanda ɗan zazzaɓi kawai suka yi, wasu ko ɗumi ba su yi ba, kansar ta tafi. Abin da ya fi kawo shi da ƙarfi shi ne yawan kansar da ke jiki ranar da aka saka, da irin samfurin CAR-T ɗin. Barin mutum ya yi ta ƙuna ba ya ƙara mashi waraka, ƙodarsa kawai ake ci.

Don ki san girman abin ba ƙari ba ragi: a babban gwajin da aka yi ma masu limfoma da wani samfurin Amurka, Yescarta, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, sama da 90 cikin 100 sun yi CRS, amma waɗanda nasu ya kai matakin tsanani 13 cikin 100 ne. Wato ki sa ma ranki zai yi zazzaɓin kada ya zo maki a bazata, amma mafi yawa a ƙasa yake tsayawa. Kowane samfuri da nasa lissafin, Indiya ma na da nata na gida, NexCAR19, wanda kamfanin ImmunoACT ya yi tare da cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial aka amince da shi a Oktoban 2023, don haka ki tambayi likitansa kai tsaye wane samfuri za a saka mashi, kuma cikin waɗanda suka yi ma nawa suka kai ICU. Hakkinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Matakan CRS ɗin huɗu ne, tun 2019 aka daidaita su, ki riƙe su don in kika ji likita ya ce mataki na biyu kada cikinki ya ɗuri ruwa. Na ɗaya zazzaɓi ne kaɗai, zafin jiki daga digiri 38 zuwa sama, da ciwon jiki da kasala, nan ruwa ne da farasitamol da sa ido, in ya ƙi sauka wasu asibitocin tun nan suke yin tosi. Na biyu BP ya sauka amma ƙarin ruwa na riƙe shi, ko ana ba shi oksijin kaɗan ta ɗan tiyon hanci, nan kam tosi ake yi. Na uku sai an ɗaura maganin ɗaga BP ta jijiya ko oksijin mai ƙarfi, nan ne ICU. Na huɗu na'urar numfashi ko magungunan BP fiye da ɗaya. Ita tosi da nauyin mutum ake auna ta, miligiram 8 kan kowane kilo ga babba, tana shiga cikin sa'a ɗaya, ana iya maimaitawa bayan sa'a 8, kuma sau da yawa cikin 'yan sa'o'i za ki ga mutumin da ke karkarwa ya natsu. Abin da nake so ki lura da shi, daga na biyu zuwa na uku wani lokacin tsakanin La'asar da Isha'i ne kawai. Mumbai kuma ta riga Katsina da sa'a 4 da rabi, in abin ya tashi da Asubar can, nan wajen ɗaya na dare ne, Yaya na barci, wataƙila ma ba wuta wayar ta mutu. Wa za ki jira?

Za ki ga kuma da zazzaɓin ya fara sun ɗebi jini sun kai gwaji sun ɗaura mashi maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, kada ki ce sun rikice ba su san me suke ma magani ba. Kemon share filin nan ya kwashe mashi fararen ƙwayoyi, kuma zazzaɓin CRS da na cutar da ta shiga jini a ido duk ɗaya ne, don haka duka biyun ake ma magani har sakamako ya fito. Ki tuna masu daga ƙasar sauro kuka fito a duba maleriya. In ya taɓa yin ciwon hanta ko tarin fuka ko yana da suga ki faɗa tun kafin a fara, don ciwon hanta nau'in B na iya farkawa in garkuwa ta faɗi, dexa kuma na tada suga.

Naki aikin ba babba ba ne a ido amma ba wanda zai yi maki shi. Yawanci cikin makon farko abin ke zuwa, sau da yawa kwana 2 ko 3 bayan an saka, yana iya jinkiri har mako 2. Tun nan gida ki sayi ma'aunin zafin jiki na dijital da ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Cikin asibiti nas-nas na aunawa, amma in an sallame ku zuwa masaukin kusa da asibiti ke ce nas ɗin. Da ya nuna 38 ki kira lambar da suka ba ku ku kama hanya, ko tsakar dare ne, kuma kada ki fara ba shi farasitamol ki ce bari mu gani zuwa safe, ɓoye zazzaɓin kawai zai yi. Ibuprofen da diclofenac da asfirin kuwa ko kusa, ƙwayoyin da ke tsai da jini sun yi ƙasa a lokacin ga ƙoda na wahala. Sannan kin san mazanmu, Bakatsine na kwance yana ganin bibbiyu likita ya ce ya jiki ya ce da sauƙi Alhamdulillahi. Wannan amsar masu dubiya ce. Ke ki buɗe littafin ki ce ƙarfe kaza ya fara rawar sanyi, tun safe sau ɗaya ya yi fitsari, da ya miƙe jiri ya ɗebe shi, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi.

Akwai ɗan'uwan CRS ɗin da ba ki ambata ba, ICANS, shi ƙwaƙwalwa yake taɓawa, yakan biyo bayan zazzaɓin da 'yan kwanaki, wani lokacin ma bayan an fara cewa an samu sauƙi. A nan kin fi likitocin Mumbai ido, don ba sa jin Hausa kuma ba su san shi yana lafiya ba. Kullum za su zo su tambaye shi wace shekara ce, wane wata, wane gari, wane asibiti, su nuna abu uku ya faɗi sunansu, su ce ya yi wani abu ya yi, ya rubuta layi ɗaya, ya ƙirga daga 100 yana komawa baya goma-goma, maki 10 ke nan. In Turancinsa ba mai ƙarfi ba ne ki nemi a samo mai fassara ko a bar ki ki taimaka, kada a rubuta ya rikice alhali yaren ne bai ji ba, ko a ce yare ne alhali ya rikice ɗin. Tun yanzu ki sa shi ya rubuta layi ɗaya a shafin farko na littafin, da boko ko da ajami duk wanda hannunsa ya fi sabawa, sunayen yaranku huɗu misali, bayan an saka kuma kullum safe da yamma ya sake rubutawa a ƙasa. Ranar da kika ga haruffan sun fara hawa kan juna, ko ya tsallake sunan auta, ko yana so ya ce ki miƙo mashi kofi ya tsaya yana kallon kofin kalmar ta ƙi fitowa, ko surar da yake ja tun yana makarantar allo ta kakare mashi, ko hannu na rawa, ko barci ya yi nauyi ba ya tasuwa, ki kira nas nan take. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma kada ki bari wani daga gida ya sa maki wannan a rai ta waya. A nan tosi ba ta cika aiki ba, dexa ne maganin, shi ya sa hanin Yaya ya fi ba ni tsoro a wannan gaɓar, don in aka yi sake yana kai ga farfaɗiya ko kumburin ƙwaƙwalwa. Mafi yawa yana warwarewa mutum ya dawo daidai. In ya yi maki baƙar magana a kwanakin ko ya kalle ki bai gane ki ba, kada ki riƙe, shi kansa ba lallai ya tuna ba.

Ƙullin Hajiya kuwa ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki bar shi a Katsina. Sassaƙe da jiƙo ba awo gare su ba, hanta da ƙoda ne ke tace su, su kuma a makonnin nan da ƙyar suke ɗaukar nasu kayan, kuma in gwajin hanta ya lalace likitocin za su ɗauka CRS ne su ƙara magani alhali abin da kika ba shi a ɓoye ne. Ga ƙura da fumfuna da ke jikin ɓawon itace, mai lafiya ba ruwansa, wanda ba fararen ƙwayoyi kuwa suna iya kwantar da shi. Rubutun ma matsalar ruwan ce da allon da kwanakin da zai yi a jarka. Ki yi mashi tofi da kanki, ki karanta mashi, Hajiya ta sa a yi sauka a nan a yi sadaka, wannan ba likitan da zai hana. Kuma ni ban ga dalilin rufe ta ruf ba. Ɗanta da bakinsa ya gaya mata kafin ku tashi cewa bayan maganin zai yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, wataƙila a kai shi ɗaki na musamman da ba a shiga da waya, an san da shi kuma akwai maganinsa. In ba haka ba ranar da ta kira sau uku ba ta ji muryarsa ba, a bakin 'yan unguwa za ta ji labari, kuma kin san yadda suke kai shi.

Sai Yaya. Ba ke za ki yi musu da shi ba, ba ma wurinki ba ne, matar ƙane ta tsaya tana gyara ma yayan miji magana ko gaskiya gare ta sai ta koma marar kunya. Maigidan ne zai yi, yanzu da yake cikin hankalinsa da ƙarfinsa, jikinsa ne kuma shi zai sa hannu a takardar. Ku nemi asibitin su ba ku ɗan lokaci da likitan ta bidiyo kafin tafiya, a zauna da Yaya, ƙanenki ya fassara, Yaya ya yi tambayarsa da bakinsa ya ji amsa daga mai abin. A wannan zaman maigida ya faɗa a gaban kowa cewa ya amince a yi mashi duk abin da likitoci suka ga ya dace, kuma in ya kasa magana ke ce za ki amsa a madadinsa, in kun isa can a rubuta haka cikin fayil ɗinsa. Wannan ne kuma maganin tsoron da kike yi na a ce ke kika kashe shi, don hukuncin ya zama nasa ne da shaidu, ke isar da shi kawai za ki yi. Ba zan ce maki ba haɗari ba, takardar ba ƙarya ta yi ba, ana rasa mutane, amma in ma za a zargi wani ai wanda ya ce a dakata ya fi kusa da zargi kan wanda ya ce a yi magani.

Manya abin da ba sa so shi ne a ce an yi ba da su ba, don haka a ba shi aikin da ya iya, maganar kuɗi. Shi ya nemi a rubuto mashi ko kuɗin da aka biya ya haɗa da tosi, da kwanakin ICU, da ƙarin jini, ko daban za a caje su, don Kymriah da ta fito dala 475,000 aka sa mata, na Indiya ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba amma irin waɗannan ƙananan lissafin ne ke karya mutane a tsakiyar jinya. Ya kuma tambaya ko akwai tosi a ajiye a asibitin kafin a saka ƙwayoyin, a Amurka an yi shekaru dokar ita ce sai an tanadi allura biyu ma kowane mara lafiya. Ke kuma ki yi mashi alkawarin saƙon murya ta WhatsApp sau ɗaya a rana a lokaci sananne, shi ya raba ma sauran dangi, kada ki zama mai amsa wayar mutum talatin kina gefen gado.

Kada ku yanki tikitin dawowa wanda ba a iya canza ranarsa. A da ƙa'idar ita ce a zauna kusa da asibiti mako 4 kuma ba tuƙi har mako 8, a 2025 Amurka ta rage su zuwa mako 2, amma ku abin da likitansa ya ce shi za ku bi, don ku ba gari na gaba za ku koma ba. In kun dawo CRS ya wuce, abin tsoron ya koma kamuwa da cuta, saboda alamar CD19 ɗin nan har lafiyayyun ƙwayoyin da ke haɗa sinadarin rigakafi suna da ita, su ma ana cinye su, sai mutum ya yi watanni garkuwarsa na ƙasa, wasu har sai ana ƙara masu sinadarin ta jijiya. To a nan ne Yaya zai ƙara yi maku rana, shi ya tsaya a zaure ya karɓi gaisuwar masu dubiya kada a cika ɗaki, mai mura ko tari ya yi addu'a daga waje. Gidan sauro kullum, ruwa tafasasshe, nonon da ba a dafa ba da salak ɗin kan hanya a haƙura tukuna, kuma ba rigakafi mai ƙwayar cuta da ranta irin na ciwon shawara sai da izinin likitansa. Tun kafin ku tafi ku je sashen masu ciwon jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika, ku samu likitan da zai karɓe shi in ya dawo, ku haɗa shi da na Mumbai su yi musayar lamba. Za a ba ku ɗan kati mai sunan maganin da ranar da aka saka, ki ɗauki hotonsa a wayarki da tasa da ta Yaya, duk zazzaɓin da ya zo a watannin farko ba kemis ba ne, asibiti ne a ranar, kuma katin za ki fara miƙawa kafin ki fara bayani. Allah shi kai ku lafiya, ki gaishe mani da Hajiya.